Azurfar Baba

Ƙarfen liƙi ya suɓuce daga hannun Namadi ya faɗa kan tabarma, kafin a ankara ya huda ta. Ƙaurin kaba ya tashi ya gauraya da hayaƙin ƙaron da ake liƙi da shi. Manu, da ke tsugune a gabansa yana riƙe masa ɗan koren allon fitila da yatsu biyu, ya yi maza ya cafe ƙarfen ta ƙota ya mayar da shi kan bulo.

"Mi ya samu hannun ga?" in ji Manu.

Namadi bai amsa ba, don bakinsa ba a sake yake ba. Zaren dalma na nan tsakanin haƙoransa, inda yake zama kullum in yana aiki. Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo. Daga wuyan hannu zuwa yatsu abin ya rusuna ƙasa, ya yi laƙwas, ya yi ya yi ya miƙe ya ƙi. Ya sa hagu ya zare dalmar daga baki.

"Barci ya yi," ya ce. "Bari shi farka mu ƙarasa. Saura ƙwaya ɗaya."

Suka jira har aka kira azahar, hannu bai farka ba. Fitilar babur ɗin Manu ce suke gyarawa, mai ƙwaya goma sha biyu. Haka nan Manu ya rufe ta da goma sha ɗaya, ya ɗaure a babur, ya tsinci guntun dalmar da ya faɗi ƙasa ya jefa aljihu ba tare da ya san dalili ba.

Shekara goma sha biyu ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a Nasarawar Burkullu. Manu ɗan kabu-kabu ne, Bafillacen da shanun gidansu suka ƙare ya koma kan babur. Namadi kuwa mai gyaran fitilun babura da motoci ne, zauren gidansa shi ne shagonsa. Ba fitilun zamanin da ba, masu ƙwai ɗaya tal. Irin na yanzu, masu 'yan ƙwayaye jere a kan allo, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba, amma in suka kama tare sai ka hango ramin da ke jiran tayarka tun daga nesa. In irin wannan fitila ta mutu, mai shagon kayan gyara cewa zai yi ka sayi sabuwa. Namadi sai ya buɗe ta, ya bi ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya da wayar batir har ya gano wadda ta ƙone. Ya cire ta da hantsaki, ya ɗora wata, ya duba da kyau bai juya mata ƙafa ba, don in ka juya ta ko wuni ka yi kana lallashi ba ta kamawa. Sannan ya ɗiga mata dalma ta zauna.

Matsalar ita ce hannu biyu Allah ya ba shi, aikin kuwa na hannu uku ne. Ɗaya na ƙarfe, ɗaya na hantsaki, ɗaya na dalma. Shi ya sa haƙori ya zama na ukun. Sai ya cije zaren, ya sunkuya, ya kai bakin zaren inda ƙarfe yake, ɗis, ya narke. In zaren ya lanƙwashe ya gatsa ya yanke, ya tauna guntun yana tunanin abin da ke gaba.

"Kai kaɗai nis sani mai karin kumallo da azurfa," haka Manu kan ce masa.

"Ci gaba da kallo, Ɗan Fulani," in ji Namadi. "Wata rana kai ma ka koyi sana'a, ka bar yawo."

Babu wanda bai san abin da ya kawo Namadi garin ba, sai dai ba a tayar da zancen a gabansa. Mutumin Duza ne. A can dutsen zinariya yake sana'a, a fasa shi a tsakar gida, a niƙa, a wanke, yara na wasa cikin ƙurar. Sai ga shekarar nan da yara suka fara jijjiga suna sanƙarewa. Cikin mako bakwai ya binne uku, Musa da Zinatu da ɗan autansu Abdulbasit, wanda ko yaye ba a yi masa ba. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka riƙa ɗibar jinin yara ana faɗin lamba, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Namadi bai jira an gama ba. Ya ɗauki matarsa Hure da tabarmarsu, ya tafi Gummi ya koyi liƙi wurin wani mai gyaran rediyo, sannan ya dawo nan ya zauna. Sai bayan shekara bakwai Allah ya sake ba su haihuwa, aka sa mata Lubna.

A kan yarinyar nan Namadi ba shi da kunya, ba shi da kara. Buta na nan a ƙofar zaure, ba ta alwala ba ce. Duk wanda ya fito daga wajen ramukan zinariya, ko yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya tuɓe takalmi a waje, ya kakkaɓe riga can nesa, ya wanke ƙafa da hannu, sannan ya shigo. Dangi sun yi fushi har sun gaji. Lubna shekararta biyar, ba ta taɓa taka Duza ba, ko gaisuwar mutuwa ba a zuwa da ita.

"Wagga ɗiya jininta fes yake," yakan ce, yana gatsa mata dabino biyu ya cire ƙwallon ya ba ta. "Ƙurar dutse ba ta san kamanninta ba."

Sau ɗaya tak Manu ya taɓa tambayarsa, shekarun baya, ko wannan da yake taunawa ba ita ce waccan ba.

"Haba," Namadi ya ce. "Waccan ɗanya ce, daga rami ta fito da dafinta. Wagga ta shiga wutar kamfani, an dafa ta, an tace. Dubi yadda take ƙyalli. Rogo ma ai ɗanye ne ka kashewa, in anka dafa abinci ne."

Maganar ta zauna wa Manu daram, don shi da idonsa ya taɓa ganin akuyar da ɗanyen rogo ya kashe. Bai sake tambaya ba. Har ma shi ne ya kawo wa Lubna ɗan gwangwanin man zafi da ya ƙare. Duk sanda Namadi ya karkaɗe ƙarfe, ɗigon dalma kan faɗi ƙasa ya daskare, ya zama 'yan duwatsu masu sheƙi. Lubna ta bi tana tsinta, ta ce azurfar Baba ce. Manu ya ga tana tarawa a bakin zane suna zubewa, ya ce ga asusu. In ba shi da fasinja har taya ta nema yake yi.

To, hannu ya ƙi tashi. Dama Namadi ya daɗe yana fama da murɗar ciki yana cewa basir ne, yana ɗirkar jiƙo. Yanzu ƙafafu suka kumbura, kai ya riƙa sarawa, fitsari ya zama sai ɗan kaɗan. Kwana uku Manu yana magiya, a na huɗu ya daina magiya ya tsayar da motar haya a ƙofar gida, suka tafi asibitin Anka.

Wanda ya duba shi wani dattijon ma'aikaci ne, Malam Nafi'u, wanda ya yi aikin yaran nan tun farkonsa. Ya ɗaga hannun ya sake shi ya faɗi. Ya ɗage masa leɓe ya daɗe yana kallon wani baƙin zane da ya bi gindin haƙora. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, Namadi na kan benci barci ya sace shi, sai Malam Nafi'u ya yafito Manu zuwa gindin dogon yaro.

"Ɗan'uwanka ne?"

"Maƙwabcina ne."

"Ya koma rami ke nan?"

"Wallahi bai koma ba, Malam. Mutumin da ko takalmin mai rami ba ya bari ya shiga gidanai."

"To mi yake yi?"

"Gyaran fitila."

"Da mi?"

Manu ya laluba aljihu ya fito da guntun nan. Duk jikinsa shaidar haƙori ce, an tauna shi ya yi faɗi. Malam Nafi'u ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya ce innalillahi a hankali.

"Ai dafaffa ce," in ji Manu, muryarsa ta yi ƙasa. "Ta kamfani ce."

"Wa ya gaya maku wuta na kashe ta? Dalma dalma ce. Ta dutsen ma gauraye take da ƙasa, wannan kuwa ita ce tsantsa da ɗan abin da anka haɗa mata." Ya miƙa masa guntun. "Ƙodojinsa sun gaji ƙwarai. Zan rubuta maku takarda zuwa babban asibiti, amma ba ni ɓoye maka, sai abin da Allah ya yi. Akwai ƙananan yara a gidan?"

Manu ya tuna da Lubna. Gwangwanin man zafi ya faɗo masa a rai, da ƙarar da yake yi in ta karkaɗa shi.

"Akwai guda, ɗiya mace."

"Ku kawo ta a auna. Kada ku ce sai an kwana biyu. Bari in yi mashi bayani in ya tashi."

"Malam, don Allah bar mani wannan," Manu ya ce. "Uku ya binne. Ni zan gaya mai, a gida, a hankali."

Malam Nafi'u ya dube shi, ya ce to, amma ya yi sauri. Namadi dai an gaya masa dalma ce a jininsa, kuma ya ƙi zancen babban asibiti ƙememe, ya ce a mayar da shi gida. A mota, kansa na kan kafaɗar Manu, sai ya yi ɗan murmushi.

"Ta Duza ce," ya ce. "Ta ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru, yanzu ta taso. Ba komi. Tunda ni ta biyo ba ɗiyata ba, na gode Allah."

Manu ya mai da ido kan hanya. Ya ce a ransa bari su isa gida. Da suka isa ya ce bari ya huta, gobe. Gobe ta yi ya ga jikin ya ƙara tsanani, ya ce ina amfanin ɗora wa mai ciwo dutse. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma shi ma ya san tsoro ne. Mutumin da ke ratsa daji da babur ba ya ko waiwaye, ga shi ya kasa tsallaka katanga ɗaya da magana ɗaya. In ya ji dariyar Lubna ta bayan katanga sai ya ajiye loma ya fita.

A rana ta uku ya yi dabara. Ya yi sallama da Hure, ta tsaya daga bayan ƙofar cikin gida, shi yana zaure, ya gaya mata komai da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ta shirya yarinyar su tafi Anka, a ce wa maigida unguwa za a je. Sai ya ji ƙarar zamanta a ƙasa.

"Baban Lubna bai sani ba?" ta tambaya daga can.

"Bai sani ba."

"Ni ba ni fita da ita sai da izninai, Malam Manu. Ban taɓa yi mai ƙarya ba, ba ni farawa shina kwance. Kuma ba ni iya gaya mai. Ni nig ga idonai ranar da anka fita da Abdulbasit." Ta ja numfashi. "Kai ka jiyo, kai za ka faɗi. Amma don girman Allah ka faɗi."

Ta ce za ta ɓoye gwangwanin. Ta ɓoye ɗin kuwa, a bayan tukwane, amma wa ya isa ya ɓoye wa yarinya mai shekara biyar dukiyarta a gidan da ɗakinsa biyu?

Washegari da hantsi Manu ya leƙa. Namadi ya sa an shimfiɗa masa a zaure, ya ce ɗaki ya ishe shi, yana son ganin hanya. Yana kwance a gefen teburinsa, fitilun mutane na rataye a ƙusa bisa kansa, kowace da ɗan ƙyallen da ya ɗaura don ya gane mai ita. Lubna na zaune kusa da ƙafafunsa, gwangwani a buɗe a cinyarta, kumatunta na motsi.

"Baffa, dubi," ta ce, ta turo harshe. Ɗigo biyu na kai suna sheƙi. "In na tsotsa sun fi ƙyalli."

Manu bai san sanda ya isa gare ta ba. Ya kama haɓarta, ya sa yatsa ya kwashe abin da ke bakin, ya fizge gwangwanin. Yarinyar da bai taɓa ko harara ba. Ta fashe da kuka ta ruga cikin gida.

Namadi na kallonsa.

"Mi ta yi maka, Manu?"

Manu ya tsuguna. Ya ajiye gwangwanin tsakaninsu, ya fito da taunannen guntun nan ya ɗora a kan murfin.

"Ba ta Duza ba ce, Namadi. Wagga ce."

"Wagga dafaffa ce."

"Malamin asibiti ya ce wuta ba ta yi mata komi. Ya ce ita ce dai, ba ta canza ba. Ya ce a kai Lubna a auna."

Namadi bai yi gardama ba, abin da ya fi ba Manu tsoro ke nan. Ya juya kai a hankali ya dubi butar da ke bakin ƙofa. Ya dubi ƙasar zauren, wadda in rana ta shigo ta nan takan yi ƙyal-ƙyal ko'ina, tun daga ƙafar tebur har bakin ƙofar cikin gida. Shekara goma sha biyu yana shiga yana fita a kanta, Lubna a kanta ta yi rarrafe.

"Na hana yayana shigowa gidan ga da takalmi," ya ce. "Ya tsaya waje kamar baƙo, shina wanke ƙafa, yara na kallo."

Manu ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun ranar Anka."

"Kwana huɗu ke nan." Ya lumshe ido. "Kwana huɗu tana tsotsa, kai kana jin tausaina."

Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Hawaye suka zubo wa Manu, bai share ba.

"Ni nib ba ta gwangwanin," ya ce. "Ka yafe mani."

"Kai ka ba ta gwangwani, ni nic cika shi. Tashi, ba lokacin wannan ba ne." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, wanda bai fi na mai raɗa ba. "Hure. Wanke mata baki da hannu, ki sa mata riga. Yanzu za ku tahi."

Hure ta fito da lulluɓi, idonta jawur. Ta ce wa za ta bar masa. Ya ce ga Auwal tela nan tsallaken hanya, ga matar Manu, kuma ga Allah. Sannan ya kamo bakin rigar Manu da hannun hagu.

"Abu biyu. Ka kawo mani lambar. Na san lambobin ga, a gabana anka riƙa faɗinsu a Duza. In ta kai arba'in da biyar sai magani. Kada ka rage mani ko ɗaya don kana jin tausai, ka ji ko?"

"Na ji."

"Na biyu, a kankare ƙasar zauren ga da ta tsakar gida, taƙi guda, kamar yadda anka yi a Duza. A kai nesa da rijiya a binne, da ita da zaren da ya rage. A zuba sabon yashi."

Lubna ta fito cikin rigar sallarta, ta riga ta manta da kuka tunda an ce za a hau babur. Ta zo da dabino a hannu ta kai bakin ubanta, kamar kullum, ya gatsa mata. Namadi ya datse leɓɓansa ya kau da kai bango.

"Ba Baffanki shi ɓare maki da hannu," ya ce. "Baba bakinai ba shi da kyau."

Manu ya ɓare mata. Suka hau, Lubna a tsakiya, Hure a baya. Da ya waiwaya ya ga Auwal ya riga ya tsallako ya zauna a bakin zaure da ɗinkinsa a hannu.

A Anka layi ya yi tsawo. Sai da aka yi azahar aka kira su, Lubna ta yi ƙara da allura ta shiga, sannan aka ce su jira. Da Malam Nafi'u ya fito da takarda bai ja su gindin itace ba, nan ya tsaya.

"Hamsin da biyu. Ta haura, amma kun zo da sauran lokaci. Za ta fara shan magani, ku riƙa dawowa ana aunawa. Sai dai in ta koma cikin ƙasar nan, aikin banza muke."

Hure ta rungume yarinyar. A hanyar dawowa Lubna tana ta ƙirga shanu. Manu kuwa lissafi yake a ransa. Arba'in da huɗu. In ya ce arba'in da huɗu, mutumin nan zai samu abin riƙewa. Takarda ai a aljihun Hure take, kuma idon Namadi ya yi rauni. Ya gwada faɗinta a cikin iska, arba'in da huɗu, ya ji ta fita sumul. Ya sake gwadawa. Kafin su iso gari ya faɗe ta ta fi sau ashirin, har ta fara yi masa kama da gaskiya.

La'asar ta wuce da suka shigo layin. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, da takalma birjik a bakin zaure. Hure ta gani ita ma. Ya ji ta ce innalillahi a bayansa, ta sauka tun babur bai gama tsayawa ba.

Auwal ne ya tare shi.

"Bayan azahar kaɗan," ya ce. "Ya samu kalmar shahada, alhamdulillahi. Amma dut babur ɗin da ya wuce sai shi ɗaga kai shi ce, su ne? In ce ba su ba ne. Har na ƙarshe, mai ɗauke da buhun gawayi, sai da ya tambaya."

An riga an yi masa wanka, su kawai ake jira. 'Yan kabu-kabu suka cika layin, kusan kowane da aikin hannun mamacin a gaban babur ɗinsa. Aka sallace shi, aka kai shi, aka rufe kafin rana ta faɗi. Mutane suka yi addu'a suka fara watsewa. Manu ya yi kamar yana gyara ƙayar da aka ɗora a kan kabarin, har ya ga bayan na ƙarshe. Sannan ya tsuguna wajen kai.

Ƙaryar nan tana bakinsa, a shirye, ya sha wahalar koyonta. Ya dubi danyar ƙasar.

"Hamsin da biyu," ya ce. "Ban rage ba. Sun ba da magani, sun ce da sauran lokaci."

Ya ɗan jira, shi ma bai san me yake jira ba. Da aka fara kiran magariba ya tashi. Ya kunna fitila a hanyar gida, hasken ya faɗi a ƙasa da ɗan gurbin duhu daga gefen hagu, inda ƙwaya ta goma sha biyu za ta zauna. Har yau bai kai wa kowa ya cike ta ba.

Ba a jira sadakar uku ba. Washegari aka mayar da Hure da Lubna gidan Manu, aka kwashe masu zaman makoki zuwa ƙofar Auwal. Manu da 'yan kabu-kabu shida suka ɗaure hanci da ƙyalle, suka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, suka sa shebur. Duk shebur ɗin da aka ɗaga sai ka ga abin yana walƙiya a ciki, ƙanana da manya, wasu sun nutse har ƙasan taƙin da ya faɗa. Baro goma sha tara suka fitar. Suka haƙa rami can bayan gari inda ba rijiya ba gona, suka juye. Manu ya jefa naɗin zaren da ya rage, bakinsa da shaidar haƙora huɗu, ya jefa gwangwanin man zafi a kai, aka rufe. Amalanke ya kawo yashi daga gulbi, fari tas, aka baje daga zaure har ƙofar ɗaki.

Ran da su Hure suka koma gidan, Manu ya shigo da safe ya ga ko Lubna ta sha maganin. Ta sha, Hure ta ce daga ciki, da ƙyar. Teburin na nan an wanke shi, babu komai a kai. Butar ma na nan a bakin ƙofa, wani ya cika ta da ruwa.

Lubna na tsugune a daidai inda ubanta kan zauna. Ta ɗebi yashi a tafin hannu, ta buɗe yatsu yana zuba a hankali, tana duba abin da zai rage. Ba abin da ya rage. Ta matsa gaba kaɗan ta sake ɗiba.